Mutumin da Delu Ta Daina Gaisarwa

Duk wanda ya bi ta bayan tashar mota ta Madawa da hantsi, daga shekarar 1974 zuwa watan jiya, ya ga Halidu Iliyasu zaune a tabarma a ƙofar bironsa, wato ofishinsa, takalma a gefe, buta a gefe. Biron ɗaki ɗaya ne mai tebur da kujera biyu, amma ba ya shiga sai rubutu ya kama. Tun farkon aiki ya lura cewa mutumin ƙauye in ya ga tebur sai ya manta abin da ya kawo shi, ya shiga ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Shi ya sa Halidu ya fito da aikin waje. Wanda ya zo sai ya zauna tabarma ɗaya da shi, a gaisa, a tambayi ruwa da gero, a yi shiru, sannan maganar ta fito da kanta.

Wata ƙungiyar ƙasashen duniya ce ta ɗauke shi, mai cibiya a Turai da reshe a Yamai, mai dogon suna da ba a taɓa faɗinsa daidai ba a nan ƙasarmu ta Adar. Ta ba shi jagorancin aikin kare haƙƙin ɗan Adam a Madawa da Buza da Keita. Jagorancin ya ƙunshi shi kansa da mobilet ɗaya, ɗan ƙaramin babur. Zamanin soja ne, kalmar haƙƙi ba ta da masoya cikin masu kaki, don haka bai cika furta ta ba. Abin da yake yi shi ne ya shiga gidan kaso ya tambayi wanda aka rufe: wa ya kawo ka, tun yaushe, ka ga alƙali, mutanenka sun san kana nan? Ya yi ta kewaya garuruwan uku haka, mako bayan mako, in hanya ta yarda. Mutane suka sa masa Halidu Kaso, wai babu ɓarawon da ya kai shi shiga wurin. Ya amsa sunan.

Ba daga bakinsa na sami abin da zan faɗa ba. In ka tambaye shi sai ya ce aiki ne, ya koma zancen farin ɗango. Na samu daga Tanimu, tsohon gardin gidan kaso da ya yi shekara tara yana buɗe masa ƙofa, da kuma wasu da suka fito ta ƙofar. Ba zan faɗi wane gidan kaso ne cikin ukun ba. Masu shi suna da rai, ƴaƴansu kuma sun iya karatu.

Tanimu ya ce duk zuwan da Halidu zai yi sai ya nemi a ɗebo masa daga tukunyar fursuna. Ya zauna gaban shugaban gidan ya ci a hankali, yana ciro tsakuwa daga bakinsa yana jerawa a bakin tebur. In ya gama ya yi hamdala, ya yi godiya, ya bar tsakuwar a jere ya tafi. Cikin wata biyu aka fara tankaɗe garin. Wani kuma ya yi shekara uku a rufe kan zargin satar jaki, kullum ana cewa takardunsa sun ɓata. Halidu ne ya gano su, a ninke ƙarƙashin ƙafar teburin wani akawu, an tokare ta don kada ya yi rawa. Ya nemi gafara, ya ɗaga teburin da kansa, ya zare takardun, ya sa guntun fasasshiyar tukunya a madadinsu. Mutumin ya fita ranar Juma'a. Jakin kuwa tun shekarar farko ya koma gida da ƙafarsa.

Ba kullum yake isa da wuri ba. Akwai wani ɗan Tamaske da ya iske an riga an rufa masa zane. Ba a aiki Halidu ya kai saƙon ba, amma ya hau mobilet ya je ya durƙusa gaban uban ya faɗa da bakinsa, ya zauna har aka yi addu'a. Na faɗi wannan don kada a ɗauka waliyyi nake yabo. Ma'aikaci ne da ya ci nasara wani lokaci, wani lokaci kuma ya je gaisuwar mutuwa.

Farkon 1983 Najeriya ta kori baƙin da ba su da takarda, mutanen Adar suka yi ta dawowa cikin manyan motoci, wasu da tabarma kawai. Hukuma a nan tana ɗari-ɗari da duk wanda ya ƙetaro ba takarda. Wanda ya sami mai tsaya masa, uba ko uwa ko maigari, sai a sake shi. Wanda bai samu ba a tsare shi, har mota ta zo ta kwashe su zuwa wani sansani can arewa cikin hamada, inda wasiƙa ba ta zuwa.

Cikin waɗanda aka tsare akwai wani mai suna Rabo. Ya ce shi ɗan Tama ne, ɗan marigayi Ango, uwarsa Delu. Ya yi shekara goma sha huɗu a Ikko yana ga-ruwa, Hausarsa ta gauraye, jikinsa ya zube. Aka aiki jandarma, wato ɗan sanda, ya je Tama ya bincika. Ƙanen uban, Maiguwa, wanda ke noman albasa a garkar Ango tun rasuwarsa, ya ce Rabonsu ya mutu a kurmi tuntuni, wani ya kawo labari, an yi sadaka. Maigari ya dubi ƙasa ya ce shi dai ya ci wainar sadakar. Sai aka kira Delu ƙofar maigari, gaban maza, jandarma ya ɗaga murya ya ce, "Rabo ɗanki ne?"

Rabo ɗan fari ne. Kowa a ƙasar nan ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cewa nawa ne a gaban jama'a, ko da rijiya ya faɗa. Delu ta ja zane ta rufe fuska ta ce, "Ban da abin cewa." Jandarman ma ya san al'adar. Amma takardar da aka ba shi gurbi biyu gare ta, i da a'a. Ya sa alama a na biyu ya hau mota.

Lokacin da Halidu ya ga Rabo saura kwana biyar motar arewa ta zo. Ya saurare shi, ya fita, ya nufi biron kwamanda, shugaban hukumar yankin.

"Halidu, kada ka koya mini al'ada," in ji kwamanda. "Ni ma ɗan fari ne. Har uwata ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Amma me zan rubuta? In rubuta ta yi shiru?"

"Haka za ka rubuta, ranka shi daɗe. Sai dai ka rubuta inda ta yi shirun."

Ya bayyana abin da yake nufi. A jera maza tara masu kama da shekarun Rabo, har da shi, kowa da aski ɗaya, kowa ya kame bakinsa sai an gaishe shi. A kawo tsohuwar ta gaida fursuna. In ta gaida duka taran, Rabo maƙaryaci ne, mota ta ɗauke shi. In ta tsallake wani dabam, haka nan. In kuwa shi kaɗai ta ƙi gaisarwa, ɗanta ne.

Kwamanda ya yi dariya har ya tuɓe tabarau. "Wannan a wane littafin dokar kuka samo shi a Turai?"

"Ba su kai nan ba tukuna, ranka shi daɗe."

Aka rubuta sharaɗin, su biyu suka sa hannu, aka liƙe cikin ambulan. Kwamanda ya haɗa shi da Tanimu zuwa Tama, don ya zama shaida cewa ba a koya wa tsohuwa komai ba.

Abin da ba a cika faɗi ba shi ne Halidu kansa bai tabbata ba. Mai neman tsira yana iya aron sunan mamaci, an sha yi. Ko da gaskiya Rabo ya faɗa, shekara goma sha huɗu ba kwana goma sha huɗu ba ne, an kuma ce idon Delu ya fara hazo. In ta dubi ɗanta ta gan shi baƙo, ta ce masa sannu, to da hannun Halidu aka rubuta takardar da za ta tura shi hamada. Tanimu ya ce tun daga tasha har Tama bai ji ya yi magana ba sai sau ɗaya, da ya ce a tsaya ya yi alwala.

Maiguwa ya tare su a ƙofar gida, ya kira shi mushe, yadda ake kiran ɗan boko a nan. "Mushe Halidu, wahala kaɗai kunka sha. Wanda anka yi ma sadaka ba shi dawowa."

"Haka na, baba. In kuwa ya yi rashin kunya ya dawo, sai ku soya mishi tashi wainar, tunda bai samu ta farko ba."

Suka iske Delu a tsakar gida tana dakan ganyen albasa tana dunƙula gabu. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, hannunta kore shar. Halidu ya tuɓe takalma ya zauna a ƙasa, nesa kaɗan. Aka gaisa, aka tambayi rani, aka tambayi ciwon ƙafa.

"Inna, muna da baƙi wurinmu, waɗanda anka koro daga kudu."

"Baƙi sun yi yawa bana," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Sun yi yawa. Ba mai leƙa su. Na ce ko za ki zo ki gaishe su, don lada."

Ta ci gaba da dunƙulawa. Ta ajiye ɗaya, ta ajiye biyu. Can ta ce, "Suna cin abinci?"

"Suna ci. Akwai tsakuwa, amma ta ragu."

"Gaida wanda anka ruhe lada na," in ji ta. "Sai in dama hura."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Tanimu ya rantse babu wanda ya ambaci suna.

Ranar Laraba da hantsi Delu ta iso a gaban motar albasa, da ƙwarya a kai. Aka jera maza tara a inuwar katanga. Rabo ne na shida. Kwamanda ya zauna a kujera da ambulan a cinyarsa, Halidu ya tsaya can baya inda ba za ta ga fuskarsa ba.

Ta fara daga dama. Saboda idon, sai ta matsa har kusan hancinta ya taɓa ƙirjin mutum, ta ɗaga kai ta dube shi. "Sannu ɗiyan ga. Ina wahala? Allah shi hidda ku." Na farko ya amsa. Na biyu ya amsa. Na uku ya fashe da kuka, don ya kwana biyu ba a ce masa sannu ba, ta tsaya ta lallashe shi. A na huɗu ta daɗe. Ta dube shi ta dama, ta dube shi ta hagu, ba ta ce uffan ba. Tanimu ya ce ya waiwaya ya ga Halidu ya dafa bango.

"Kai ɗan wa na?" in ji ta.

"Ɗan Jika, na Deule."

"Haba, shi ya sa. Kunnen gidanku na. Na san kakarka, marowaciya ta. Sannu."

Gardawa suka yi dariya. Ta gaida na biyar. Ta matsa gaban na shida ta ɗaga kai.

Ba ta kai numfashi biyu ba. Ta ja zanenta ta rufe fuska, ta juya wajen katanga, ta yi taku uku a karkace kamar mai kauce wa garwashi, ta tsaya gaban na bakwai. "Sannu ɗiyan ga. Ina wahala?" Muryar ba ta canja ba ko kaɗan. Ta gaida na takwas, ta gaida na tara, kowa da addu'arsa cikakkiya.

Sannan ta sauke ƙwaryar gaban Tanimu. "Gardi, hurar ga ta kowa ta." Ta sa hannu cikin zane ta fito da ɗan ƙaramin gora ta ajiye gefe. "Amma akwai wani cikinsu da ba shi shan mai yaji, tun yana ƙarami. Ga tashi dabam."

Ta fita ta zauna gindin itacen bedi, ta ba ƙofa baya. Rabo ya sulale ya zauna a ƙasa. Kwamanda bai buɗe ambulan ɗin ba ma. Ya ce a kawo masa takardar saki da hatimi, ya ɗan daɗe yana goge tabaransa. Da la'asar uwa da ɗa suka koma Tama a mota ɗaya, ita a gaba, shi a kan buhuna. Maiguwa ya bar garkar bayan an cire albasar shekarar, bisa hukuncin dattawa. Bai soya wainar ba.

Washegari motar arewa ta zo ta kwashi mutum goma sha ɗaya da ba a sami iyayensu ba. Halidu ya tsaya a ƙofa ya rubuta sunan kowa da garin da ya faɗa. Ya yi shekara biyu yana bin sunayen daga ƙauye zuwa ƙauye, ya dawo da bakwai. Huɗun har yau in ka zauna da shi zai faɗa maka sunayensu, ko ba ka tambaya ba.

Rahoton Rabo kuwa ya je Yamai, ya ƙetare teku, ya dawo bayan wata huɗu da jan alƙalami a gefe. Wani masani ya rubuta cewa bisa abin da ya karanta, uwar ba ta gane ɗan ba, tunda shi kaɗai ta ƙi yi wa magana, don haka wakilinsu ya sa an saki mutum ba hujja. Aka ja masa kunne a rubuce. Da aka tashi ɗaga wani zuwa babban matsayi a Yamai, sai aka ɗauki wanda rahotanninsa ba su taɓa ba kowa wahalar fahimta ba, don bai taɓa barin bironsa ba. Na karanta littattafai da dama da irin waɗannan masana suka rubuta a kanmu. Suna da kyawun takarda.

Halidu, kai ne ka san cewa mutum yana da haƙƙi ko da bakinsa bai iya faɗinsa yadda takarda take so ba. Da ka ga dama da ka tsare tsohuwar nan ka ce ta daure ta furta suna sau ɗaya, rai ne. Wataƙila da ta furta, ta koma gida da ɗanta, ta rasa fuskar da za ta shiga cikin mata. Ba ka nemi ta saya da mutuncinta abin da yake nata tun asali ba. Ka bar ta yadda take, ka je ka lanƙwasa hukuma. Baƙon kaso, mai shiga da ƙafarsa ya fito da ta wasu. Marigayiya A'i, matata, wadda ba ta da yawan yabon ƴan boko, har da wanda ta aura, ta taɓa cewa kai kaɗai ta gani cikinmu da ke zama ƙasa da baƙonsa. Ban ji daɗin maganar ba a lokacin. Gaskiya ta faɗa.

Watan jiya ya ajiye aiki. Aka yi ɗan taro, aka sha lemo, wani ya zo daga Yamai ya karanta jawabi ya kira shi Halilu sau biyu. Ƙungiyar ta ba shi agogon bango. Gidansa na laka ne, ƙusa ba ta kamawa, agogon yana jingine bayan randa.

Sati guda bayan haka na raka shi Tama, an yi wa Rabo haihuwa. Muka shiga gidan. Delu na nan, ta ƙara tsufa, tana zaune tana tsince wake. Ta gaishe ni, ni da ba ta taɓa gani ba, ta tambayi gida, ta yi mini ta'aziyyar A'i, rasuwar da ta wuce shekara shida. Da Halidu ya matso ya ce, "Inna, ina wuni," sai ta ja zane ta juya wajen danga. Na ji haushi, na dubi Rabo. Ya yi murmushi ya ce, "Tun ranar nan haka take mishi, mushe. Ko sunanshi ba ta kamawa. In za ta yi zancenshi sai ta ce mai mobilet."

Halidu ya zauna a ƙasa, nesa kaɗan, yana kallon kaji.

Mun gode, Halidu. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar cin tuwon da ba tsakuwa. Ku kuma samarin da aka ɗauka a bayansa, na ga an ba ku mota mai sanyi da takardu masu gurbi da yawa. Ba laifi. Amma kafin ku sa alama a gurbi, ku fito ku zauna a tabarma, ku dubi inda mutum ya yi shiru. Tabarmar tana nan ƙofar biron, ya bar muku ita.

Da muka tashi tafiya ran nan, sai ga wata mata ta biyo mu da ƙullin gabu. Ta miƙa mini ta ce Inna ta ce nawa ne, baƙo. Sannan ta fito da wani ƙullin, ya fi nawa girma sau biyu, ta ajiye a kan mobilet ba ta ce na wane ne ba.